Daga Kwalbar Likita Zuwa Makarin Jiki: Tarihin Awon Fitsari Wajen Bin Sawun Tsutsotsi a Jikin Ɗan'adam

1.0 GABATARWA

Manufar wannan takarda ita ce bin tarihin hanyoyin da masana suka bi wajen gano tsutsotsin da ke zaune a jikin ɗan'adam ta duban fitsari, tun daga zamanin da likita ke ɗaga kwalba ya duba da ido, har ya zuwa wannan zamani da ake neman abin da likitoci ke kira antibodi a cikin fitsarin. Mu a nan za mu kira shi makarin jiki, domin wani sinadari ne da jiki ke haɗawa da kansa don ya karya lagon baƙon abin da ya shige shi, kamar yadda makari ke karya dafi. Za mu fi mai da hankali a kan cututtuka biyu waɗanda ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa, watau tsargiya, da kuma tsutsar da ke haddasa tundurmi da gwaiwa.

Abin da muke son mu tabbatar shi ne, kowace hanyar awo da aka ƙago ta zo ne domin amsa tambayar zamaninta. Tambayar da, ita ce: wane ne ba shi da lafiya? Tambayar yanzu kuwa, bayan an yi shekaru ana rabon magani gari gari, ita ce: shin cutar ta bar garin nan, ko laɓewa ta yi? Awon makarin jiki na wannan tambaya ta biyu ne, kuma duk wanda ya ɗora masa ta farko zai sami amsar da za ta ɓatar da shi.

2.0 ZAMANIN DUBA DA IDO

Duban fitsari tsohuwar sana'a ce. Likitocin Yunanawa sun yi rubutu a kansa, likitocin da suka yi rubutu da Larabci kuma suka faɗaɗa shi. A Ƙairawan, cikin ƙarni na 10, Is'haƙ al-Isra'ili ya wallafa littafi sukutum a kan fitsari, wanda daga baya aka juya shi zuwa Latin aka riƙa karantar da shi a makarantun likitanci na Turai. Haka kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi bayani a cikin littafinsa Al-Ƙanun cewa fitsarin safe ya kamata a duba, a lura da launinsa da kaurinsa da warinsa da kumfarsa da abin da ya kwanta a ƙarƙashin kwalba. Waɗannan malamai sun san fitsarin jini sarai, amma ba su da abin da za su ga sababinsa da shi.

Ita kuwa cutar ta daɗe da mutane. A 1910 Marc Armand Ruffer ya sami busassun ƙwan tsutsar tsargiya a cikin ƙodar wasu gawawwaki biyu na mutanen Masar ta da, waɗanda suka kai kimanin shekara 3,000. A nan ƙasar Hausa ma samun suna na musamman da cutar ta yi a harshe ya isa shaida cewa an daɗe ana tare. Sai dai sabo da abu yakan rufe ido. A wurare da dama an ɗauki jan fitsarin yaro namiji a matsayin alamar balaga, wasu kuma sukan ce zafin rana ne. Ido ya ga jini, amma bai ga cuta ba.

3.0 ZAMANIN MADUBIN LIKITA

3.1 Tsargiya

A 1851 wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana binciken gawa a asibitin Ƙasr al-Aini da ke Alƙahira, sai ya ci karo da wasu tsutsotsi a cikin jijiyoyin jini. Daga baya ya ga ƙwansu a mafitsara da cikin fitsari, kowane ƙwai da ɗan tsini kamar ƙaya. Tsutsar ita ce ake kira Schistosoma haematobium a yau. Mace da namiji sukan zauna manne da juna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, macen tana zuba ƙwai kullum. Wasu ƙwan su huda bangon mafitsara su fita tare da fitsari, shi ne jinin da ake gani. Wasu kuwa su maƙale a cikin nama, su ne kuma ke yin ɓarnar. A 1911 A. R. Ferguson ya nuna dangantakar cutar da sankarar mafitsara a Alƙahira, sa'an nan a 1915 Robert Leiper ya tabbatar, a Masar ɗin dai, cewa sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a ruwa ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, kafin 'ya'yan tsutsar su fito su huda fatar mai wanka ko mai wanki ko mai su.

Tun daga wannan lokaci ganin ƙwai ya zama shi ne hujja. Cikin shekarun 1970 aka sauƙaƙa aikin: a ɗebi mililita 10 na fitsari da sirinji, a matse shi ta cikin 'yar matata, a ɗora matatar a ƙarƙashin madubi, a ƙirga ƙwan. Wanda aka sami ƙwai 50 ko fiye a cikin wannan ma'auni, cutarsa ta yi tsanani ke nan. An kuma lura cewa ƙwan sun fi fita daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 2 na rana, saboda haka a wannan tsakani ake karɓar fitsarin. Ashe fitsarin safen da Ibn Sina ya zaɓa ba shi ne na wannan aiki ba.

3.2 Tundurmi da gwaiwa

Abin sha'awa shi ne, ita ma tsutsar tundurmi fitsari na cikin wuraren da aka fara ganin ta. A 1866 Otto Wucherer ya ga 'ya'yanta a cikin fitsarin wani majinyaci a Bahiya ta ƙasar Barazil. A 1872 Timothy Lewis ya gan su a cikin jini a Kalkata ta Indiya, a 1876 Joseph Bancroft ya sami uwar tsutsar a Birisben ta Ostireliya, a 1877 kuma Patrick Manson ya nuna a ƙasar Sin cewa suna girma a cikin sauro. Manson ne har wa yau ya lura cewa 'ya'yan tsutsar ba su yawaita a jinin da ke kusa da fata sai da dare, daidai lokacin cizon sauro.

Wannan bincike ya jawo wa ma'aikatan lafiya wahalar da suka yi fiye da shekara ɗari suna sha. Duk mai son ya auna gari, dole ya shiga da dare, tsakanin ƙarfe 10 da ƙarfe 2, ya buga wa magidanci ƙofa, a ta da mata da yara daga barci a tsaga musu yatsa. Kowa ya san yadda gidan Bahaushe yake, ya san ba ƙaramin abu ba ne baƙo ya nemi haka. A ƙarshen shekarun 1990 an fito da katin awon da ke aiki da rana, amma shi ma sai an ɗebi jini.

4.0 MADATSUN RUWA DA TSINKEN AWO

Bayan samun mulkin kai, ƙasashen Afirka ta Yamma sun duƙufa wajen datse ruwa saboda lantarki da noman rani. An gama Akosombo ta Gana a 1965, Kainji a 1968, Tiga a 1974, Bakolori a 1978, ban da ɗimbin ƙananan madatsu na ƙauyuka. Ruwan da ya tsaya gidan katantanwa ne. A bakin Tafkin Bolta, cikin 'yan shekaru kaɗan tsargiya ta mamaye yaran garuruwan masunta. Masu cutar suka yi yawan da ba a da isassun madubai da ƙwararrun da za su zauna suna ƙirgar ƙwai.

Mafitar ta zo ne ta wani siririn tsinke na roba mai ɗan ƙyalle a kai, wanda ke sauya launi idan akwai jini ko furotin a fitsari, ko da ido bai gani ba. An jarraba shi a Gambiya a ƙarshen shekarun 1970, sa'an nan a Gana da Zambiya cikin shekarun 1980. Ya kamata mu tuna cewa ƙasar Hausa na da hannu a wannan babi. A Malumfashi, cikin Jihar Katsina ta yanzu, masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tare da na Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Libaful sun yi shekaru suna nazarin tsargiya, musamman a kewayen madatsar Ruwan Sanyi. A 1980 R. N. H. Pugh da abokan aikinsa suka ba da shawarar a riƙa amfani da irin wannan tsinke wajen tsamo yaran da cutarsu ta fi tsanani a ba su magani, domin hanya ce mai sauri kuma mai araha.

A daidai wannan zamani ne magani ma ya sauya. Tun daga 1918, sa'ad da J. B. Christopherson ya ba da rahoton amfani da shi a Hartum ta Sudan, maganin tsargiya allurar jijiya ce ta wani sinadari mai dafi, wadda ake maimaitawa sau da yawa. A Masar an yi wa miliyoyin mutane wannan allura da sirinjin da ba a tsabtace yadda ya kamata ba, abin da ya yaɗa ciwon hanta nau'in C a ƙasar. Cikin shekarun 1970 kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka fito da ƙwayar firazikwantel, wadda ake haɗiya sau ɗaya. A 1997 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin kawar da tundurmi, aka fara shirin a 2000. A 2001 kuma ya zartar da cewa a riƙa ba yara 'yan makaranta maganin tsargiya da na tsutsar ciki a kai a kai.

Nasarar wannan rabo ita ce ta haifi sabuwar matsala. Yaron da ya sha magani shekara bayan shekara, in ma akwai sauran tsutsa a jikinsa, ƙwan da take zubawa kaɗan ne, yau a gani gobe a rasa. Madubi da tsinke sukan ce babu, alhali kuwa akwai. Mutum ɗaya da ya rage ya isa ya sake cika kududdufi da cuta.

5.0 ZUWAN MAKARIN JIKI

5.1 Asalin ilmin

A 1890 Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato suka nuna a Balin cewa jinin dabbar da ta sadu da dafin wata ƙwayar cuta yana ɗauke da abin da ke karya wannan dafi. A 1971 Eva Engvall da Peter Perlmann suka fito da hanyar awon da ake kira Elisa a Istokholm ta Suwidin. Yadda ake yi shi ne, a shafa wani ɓangare na jikin tsutsa a ƙasan 'yan ramuka na faranti, a zuba ruwan jikin mutum a kai. Idan akwai makarin wannan tsutsa sai ya manne, a ƙara wani sinadari, launi ya fito. Da jini aka fara, domin a nan makarin yake da yawa. Ƙoda mai lafiya takan tare shi saboda girmansa, amma ɗan kaɗan yakan tsallake zuwa fitsari, kuma idan mafitsara ta yi rauni yakan ƙaru. Aikin masana shi ne su kaifafa awon har ya iya kama wannan ɗan kaɗan.

Kafin mu ci gaba, akwai bambancin da ya wajaba mu fayyace. A 1976 A. M. Deelder da abokan aikinsa na Laidin ta ƙasar Holan suka bayyana wasu sinadarai biyu da tsutsar ke amayarwa daga cikinta zuwa jinin mutum, waɗanda kan fita ta fitsari. Daga ɗayansu aka yi katin awon fitsari a farkon shekarun 2000, wanda ya fi dacewa da nau'in tsutsar da ke kama hanji. Wannan aman tsutsa ne, ba makari ba. Idan muka kwatanta cutar da kura, ƙwai sawunta ne, aman kashinta ne ɗanye, makari kuwa haushin karnuka ne. Haushi ya fi saurin isa kunne, amma karnuka sukan daɗe suna yi bayan kura ta bar gari.

5.2 Darasin Siri Lanka

Wurin da awon makari a fitsari ya fara zama abin aiki sosai shi ne kudancin Siri Lanka. A 2001 Makoto Itoh da Eisaku Kimura na Jami'ar Likitanci ta Aichi a Japan, tare da Mirani Weerasooriya ta Jami'ar Ruhuna, suka buga sakamakon wani awo da ke gano makari nau'in IgG4 na tsutsar tundurmi a cikin fitsari. Awon ya kama fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda aka tabbatar suna da tsutsar, kuma bai cika zargin mutanen yankunan da babu cutar ba. Daɗin daɗawa, in an sa wa fitsarin abin hana lalacewa, yakan yi makonni cikin zafi bai ɓaci ba.

Amfanin wannan ya wuce na ɗakin bincike. Babu shiga gida da dare, babu allura, babu kukan yara. Ana iya zuwa makaranta da hantsi a karɓi fitsarin aji guda. Siri Lanka ta yi rabon magani daga 2002 zuwa 2006, masu binciken kuma suka riƙa bin 'yan makaranta suna ganin yadda adadin masu makarin ke raguwa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa tundurmi ya daina zama babbar matsalar lafiyar jama'a a ƙasar. Duk da haka, binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa cutar ba ta gama mutuwa ba a wasu garuruwan bakin teku na gundumar Galle. Wannan ya nuna mana cewa takardar shaida ba ta sallami mai gadi ba.

5.3 Tailan da komawa kan tsargiya

A arewa maso gabashin Tailan, inda cin ɗanyen kifi ke jawo tsutsar hanta mai haddasa sankarar hanyar matsarmama, masana na Jami'ar Khon Kaen sun bi wannan hanya. Sun nemi makarin tsutsar a fitsari, daga baya suka koma neman abin da ita tsutsar ke fitarwa. A 2018 kuma suka ba da rahoton awon makari a fitsari na wata tsutsar hanji mai suna Strongyloides, wadda ke da wuyar gani a bayan-gida.

Ta fuskar tsargiya, a 2021 Mark Pearson da Alex Loukas na Jami'ar James Cook a Ostireliya, tare da abokan aikinsu, suka jera kusan furotin dubu na tsutsar, suka jarraba su da jini da fitsarin mutane daga Gabon da Zimbabuwe da Zanzibar, don su tantance waɗanda makari ya fi kamawa. Sun sami 'yan kaɗan da suka yi fice. Zanzibar na da muhimmanci a nan, domin wuri ne da rabon magani ya sauko da cutar ƙwarai, watau irin wurin da ƙirgar ƙwai ke gazawa.

6.0 IYAKAR AWON

Tarihin da muka bi ya nuna mana iyaka uku. Ta farko, makari yakan zauna a jiki wata da watanni, wani lokaci shekaru, bayan tsutsa ta mutu. Saboda haka ba ya rarrabe mai cuta da wanda ya warke, kuma ba ya faɗin yawan tsutsa. Ta biyu, makarin wata tsutsa yakan manne wa 'yar'uwarta. A Siri Lanka wannan bai dame su ba sosai, amma a Nijeriya da Kamaru, inda ake da dangin tsutsar tundurmi kamar mai makantar da mazauna bakin rafi da mai ratsa farin ido, tilas a sake jarraba awon a gida kafin a amince da shi. Ta uku, fitsari ba ɗaya ba ne kullum: na wanda ya sha ruwa da yawa ya fi tsinkewa, makarin da ke ciki kuma ya ragu.

To, mene ne amfaninsa? Amfaninsa yana ga yaran da aka haifa bayan an fara rabon magani. Dattijon da aka samu da makari, wataƙila tun yana saurayi ya kamu. Amma yaro ɗan shekara shida da aka samu da shi, babu shakka cikin shekara shidan nan ya sadu da tsutsar, kuma galibi a garinsu. Irin wannan hujja, ta hanyar awon makari a jinin yara tare da binciken ƙudan da ke yaɗa cutar, ita ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta gindaya wa ƙasashen da ke neman shaidar kawar da makantar bakin rafi, shaidar da Jamhuriyar Nijar ta samu a 2025, ta zama ta farko a Afirka. Abin da awon fitsari ya ƙara shi ne yin wannan gadi ba tare da tsaga yatsa ba.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga yadda aka taso daga duban launi, aka zo ƙirgar ƙwai, aka zo tsinken awo, aka iso ga makarin jiki. Babu hanyar da ta kashe wadda ta gabace ta. Majinyacin da ya zo asibiti yana fitsarin jini, madubi da tsinke sun ishe shi. Amma hukumar da za ta yanke shawarar tsai da rabon magani a ƙaramar hukuma, tana bukatar abin da ya fi su kaifi. In ta tsayar da wuri, cuta ta dawo, wahalar shekaru ta tafi a banza. In ta yi ta rabo babu dalili, an ɓarnatar da kuɗi, jama'a kuma su gaji da haɗiyar ƙwaya. A 2017 an sanar da cewa tundurmi ya daina zama babbar matsalar lafiyar jama'a a jihohin Filato da Nasarawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa 2030 a matsayin lokacin da take fatan tsargiya ta daina zama babbar matsala a ƙasashen da take. Ke nan wannan tambaya tana nan tafe ga jihohinmu ɗaya bayan ɗaya.

Mu da ke koyarwa a kwalejojin ilmi, abin ya shafe mu kai tsaye. Makarantar firamare ita ce wurin rabon magani, ita ce kuma wurin karɓar fitsari, kuma ɗalibanmu ne za su zama malaman da za su tsaya a kan aikin. Su ne za su yi wa iyaye bayani, su kawar da kunyar yarinyar da aka miƙa wa kwalba, su kuma san cewa yaran da ba su zuwa makarantar boko, kamar almajirai da 'ya'yan makiyaya da na masunta, sau da yawa su suka fi shiga ruwa. Shawararmu ita ce, a sa wannan tarihi cikin darasin kiwon lafiya na masu koyon aikin malanta, a kuma daidaita kalmominsa da Hausa, domin malamin da zai ce wa uba an sami makari a fitsarin ɗansa ya iya bayyana masa bambancin wannan da cewa an sami tsutsa.